Muryar Kaumi a Cikin Akwati

"Iya, don girman Allah ki saurare ni..."

Nafisat ce durƙushe a bakin ƙofar ɗakina, idanunta sun kumbura, ta riƙe min gefen zani.

Na fizge abina.

"Ba zan saurara ba! Ki gaya wa Musaddiƙ ɗin naki, in na sake ganin ƙafarsa a zauren gidan nan, da taɓarya zan tarye shi!"

"Wallahi Iya bai goge komai ba..."

"To ina muryar ubanki?"

Ta sunkuyar da kai.

"Na ce ina take?"

Sai ta kifa kai a gwiwa ta fashe da kuka. Ni ma kukan nake ji, amma na haɗiye.

Ni Ya Kura, duk Babura an san ba na tauna magana. Ban yi boko ba, ko sunana ban iya rubutawa ba. Shi ya sa lokacin da marigayi mijina Kaumi yake kai shanu kudu, ya yi wata uku bai dawo ba, ba takarda yake aiko min ba. Kaset yake ɗauka da bakinsa, ya ba direban mota ya kawo min. Guda goma sha ɗaya na tara.

Bayan rasuwarsa aka juye su cikin kwamfutar da Nafisat, autata, take buga wa mutane takardu da ita a ɗan shagonta na zaure. Damina ta zo, ɗaki ya yi yoyo, kasusuwan suka lalace gaba ɗaya. Abin da ya rage min na Kaumi ke nan, muryar nan a cikin akwatin ƙarfe.

Duk Juma'a, in an sauko daga masallaci, Nafisat ta kunna min, ta ja ƙofa ta ba ni wuri.

Shi kuwa Musaddiƙ mai gyaran kwamfuta ne a Kazaure, shekara guda yana neman Nafisat. Ranar Laraba ya zo. Wai tsarin da kwamfutar ke aiki da shi ya tsufa, ya daina buɗe shafukan da ɗalibai ke cike takardunsu, sai an ɗora sabo.

Na tambaye shi da bakina. "Ba abin da zai taɓa?"

"Ba abin da zai taɓa, Iya."

Ya gama, ya gwada injin buga takarda, ya hau babur ya tafi.

Ranar Juma'a Nafisat ta kunna. Ga ɗan layin nan yana tafiya a allo kamar kullum, amma shiru. Ta kunna na biyu, shiru. Har goma sha ɗaya, ko tari babu.

Na aika aka kira Ashiru, ɗan yayana, mai sayar da wayoyi a bakin kasuwa. Ya murɗa lasifikar har ƙarshe, ya danna nan ya danna can, sannan ya girgiza kai.

"Gwaggo, kin dai san kaset. In aka ɗauki sabon abu a kansa, ina na da yake zuwa?"

Wannan kam na sani sarai.

"Haka ya yi miki. Ya ɗora sabo a kan tsoho. Wallahi muryar Kawu ta tafi ke nan." Ya saci kallon Nafisat. "Wanda bai iya tsare amanar mamaci ba, shi zai riƙe miki 'ya?"

Na san Ashiru ya daɗe yana son Nafisat tana ƙin sa. Na sani. Amma ranar zuciya ta rufe min ido. Na kulle shagon, na ɗaure makullin a bakin zanina.

Washegari da rana na ji Nafisat a bayan madafa tana waya. Muryar Musaddiƙ na fitowa ƙasa-ƙasa.

"Hasken idona, daina kukan nan, kina ƙona min zuciya..."

"Ya zan daina, masoyi? Iya ta rantse."

"Minti goma kawai nake nema a gaban kwamfutar."

"Ta kulle... Musaddiƙ, in muryar Baba ta tafi da gaske, ni kaina ban san yadda zan kalle ka ba."



"In ta tafi, Nafisat, ni da kaina zan janye. Ba zan shiga gidan da na sa uwa kuka ba."

Na faɗa musu kamar guguwa, na warce wayar.

"Kai ɗan Kazaure! Daɗin baki ba zai fisshe ka ba. Gobe da hantsi mu haɗu gaban mai unguwa. A gaban shaidu nake so a raba ka da 'yata!"

"To Iya. Allah ya kai mu."

Ko gardama bai yi ba. Wannan ya ƙara ba ni haushi.

Ashiru ne ya ɗauko mai a-daidaita-sahu, muka loda akwatin da allon da lasifikoki biyu. A zauren mai unguwa Muhammadu Lawal muka tarar da liman da dattawa uku. Mai unguwa abokin Kaumi ne tun suna samari. Musaddiƙ na durƙushe a gefe, ƙurar hanya har a girarsa. Nafisat ta raɓe a bayana cikin hijabi.

Na zayyana komai, ban rage ba.

"Ranka ya daɗe, hakkina nake nema. Ya kashe min miji karo na biyu!"

"Subhanallah. A hankali, Ya Kura. Me ke cikin kasusuwan nan ne?"

Na ɗan gyara mayafi.

"Nasiha ce. Nasihar miji ga iyalinsa."

Liman ya gyaɗa kai. "Abu mai daraja."

Mai unguwa ya juya. "Kai yaro, me za ka ce?"

"Ranka ya daɗe, ina da laifi. Na gwada komai, ban gwada sauti ba, na yi saurin kama hanya. Amma gogewa ban goge ba. A ba ni izini in nuna."

"Kar ya taɓa!" na ce.

"Ya Kura, in ya goge ɗin, me ya rage da zai ɓata? Bar shi."

Aka jona a wutar sola ta mai unguwa. Musaddiƙ ya buɗe, ya nuna min wasu 'yan alamomi a jere.

"Iya, ƙirga su."

Na ƙirga. Goma sha ɗaya.

"Kwamfuta ba kamar kaset ba ce. Sabon tsari ɗakinsa daban, ajiyarki ɗakinta daban. Baba yana magana yanzu haka. Sabon tsarin ne yake tura maganar cikin allon nan, shi kuwa allon ba shi da bakin magana. Zan nuna masa hanyar lasifika."

Ya shiga wurin saiti. Ya duba. Ya sake dubawa.

Sai na ga hannunsa ya tsaya.

"Lafiya?" in ji mai unguwa.

"Sunan lasifikar... babu shi a jerin."

Ashiru ya yi dariya. "Ai na faɗa. Gwaggo, mu tafi kawai."

Na ji Nafisat ta damƙe min kafaɗa. Gumi ya tsattsafo wa Musaddiƙ a goshi. Ya buɗe wani wurin, ya ƙura ido, sannan ya saki numfashi.

"Na gano. Kwamfutar tsohuwa ce, sabon tsarin bai gane ɓangaren sautinta ba. Akwai 'yar manhajar da ke haɗa su, sai na sauko da ita ta waya."

Wayar kuma ta ce ba ta san zancen ba. Kun san halin garinmu, wani lokacin sai waya ta bar layin gida ta kama na Nijar. Ya fita ƙofar gida yana ɗaga ta sama, ya koma gindin darbejiya, har kan dakali ya hau. Mu kuwa muna zaune muna jira. Liman na jan carbi. Ni ina kallon akwatin nan, ina cewa a raina, Kaumi, in kana ciki ka yi wa Allah ka yi magana.

Musaddiƙ ya dawo da gudu. Ya jona waya, ya danna, ya kashe kwamfutar ya sake kunnawa. Ya koma saiti.

"Ga ta nan! Ta fito!"

Ya zaɓa. Sannan ya dube ni.

"Iya, ki yi bisimilla."

Na yi.

Ya danna.

Ashe tun ranar Juma'a lasifikar na nan yadda Ashiru ya murɗe ta har ƙarshe. Sai zauren ya ɗauka kamar masallacin idi.

"Salamu alaikum, Kurata! Ni ne, Kauminki..."

Shi ne! Har da 'yar shaƙewar nan tasa.

"Yau kwana arba'in ban ga wushiryar nan taki ba. Wallahi abincin kowa ba ya min daɗi. Jiya na ga wata saniya mai manyan idanu, na ƙi sayar da ita, don in ta harare ni ke nake tunawa..."

Liman ya sarƙe da tari. Dattawan nan uku duk suka ɗaga kai suna nazarin azarar rufi.

"Na sayo miki turaren nan. Ranar da zan dawo, ki tura yara gidan Inna da wuri, ki..."

"Kashe!" na ƙwala ihu. "Kashe, don ubanka!"

Musaddiƙ ya daburce, ya rasa inda zai danna. Nafisat ta yi tsalle ta fizge wayar lasifikar.

Tsit.

Na ja mayafi na rufe fuskata. Hawaye ke zuba, ga kunya kamar in nitse, ga wani sanyi da ya sauko min tun daga ƙirji har tafin ƙafa. Kwana biyu ban ci abinci ba, a take na ji yunwa.

Mai unguwa ya toshe baki da hannun riga, kafaɗunsa na girgiza.

"Ya Kura," ya ce da ƙyar, "wannan nasiha ta ratsa mu. Allah ya ji ƙan Kaumi. Ashe shi ya sa saniyar nan ta dawo gida."

"Amin," in ji liman, bai kalli kowa ba.

Na share fuska, na juya kan Ashiru, wanda ya fara laluben takalmi.

"Tsaya nan! Ka sani, ko ba ka sani ba?"

"Gwaggo, ni a zatona..."

"In ba ka sani ba, me ya kai ka rantsuwa? In kuwa ka sani, ka dubi idona ka binne min miji don ka sami 'yata? Ɓace min! Zan zo har gida in sami ubanka."

Ya fita, takalmi ɗaya a hannu.

Saura Musaddiƙ. Yana nan durƙushe, kansa a ƙasa.

"Iya, ki yafe min. Yau ɗin nan zan juye miki su a wuri uku, ko kwamfutar ta mutu ba za su ɓata ba."

"Da ka yi haka tun ranar Laraba, da ba a ji sirrina a gaban liman ba."

"Haka ne, Iya."

"Na zage ka, na zagi babur ɗinka, na zagi Kazaure gaba ɗayanta. Kai ma ka yafe."

"Ba komai, wallahi."

Na dubi Nafisat. Ta sunkuyar da kai, amma ina ganin bakinta ta gefen hijabi, ya ƙi rufuwa.

"Ranka ya daɗe," na ce, "na kawo ƙara a raba su. Na janye. Tunda shaidun na nan, kar su tashi a banza. Ya turo magabatansa ranar Asabar."

Nafisat ta faɗo jikina.

"Iya! Iyata! Allah ya bar min ke..."

"Sake ni, kar ki karya ni."

Musaddiƙ ya ɗago, idanunsa sun ciko. Ya dube ta, ya ce a hankali, a zatonsa ban ji ba, "Na gaya miki, hasken idona."

Na ji sarai.

"Kai ɗan Kazaure, ajiye hasken ido sai an shafa fatiha. Tashi ka ɗauki surukinka ka mai da shi gida. Kuma a hankali, ka ji? A ka za ka ɗora shi."

A ka ya ɗora shi kuwa, tun daga ƙofar mai unguwa har zaurena, ina gaba yana biye.