Ki Janye Mani, Shafa'atu

"Ki janye mani, Shafa'atu..."

Na kalli Adnan, saurayin da aka sa mana rana da shi, kamar yau na fara ganin shi.

Gurbin malanta ɗaya jami'armu ta buɗe a sashen kimiyyar tsirrai. Mu biyu muka nema. Ni aka ɗauka, shi ya zo na biyu. Shi ne ya tako har zauren Babana a Mairuwa.

"Haba hasken idona! In kin janye ni za a ba. Mi za ki yi da aiki ina raye?"

"Lokacin da nake bin gonakin Ruwan Godiya cikin rana, ina binciken tsutsar da ke cinye masara, kai kana ina?"

"Wannan daban. Riƙe aji sai namiji."

Dariya ta kuɓuce mani. Mutumin da ni ke gyara mashi lissafin bincikenshi!

Washegari sai ga mahaifiyarshi daga Yankara, tare da Hamida, ɗiyar ƙanwarta, wadda ta daɗe tana harin shi. Hajiya ko zama ba ta yi ba.

"Ɗana ba zai auri mai wasa da tsutsa ba, balle ta hau kanshi!"

Hamida ta taɓe baki.

"Ai an san yadda mata ke samun irin wannan gurbin, Hajiya. Ofishin shugaban sashe ƙofa gare shi..."

Na juya ga Adnan da ke raɓe bakin ƙofa. Ya fi kowa sanin ƙarya ce, tare muka zauna jarrabawar neman gurbin.

"Adnan, ka ji abin da ta ce?"

Ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin mota.

"To... mutane dai na magana, masoyiya. In kin janye, bakin kowa zai mutu."

Allah ya sani na so shi. Amma a lokacin ban ga kowa ba sai wani ɗan ƙanƙanin mutum cikin babbar riga.

"Baba," na ce, "a fito masu da lefensu."

Baba ya miƙe daga kan buzunshi, ko kallon su bai yi ba.

"Tun da ta buɗe baki na sa aka fara fitowa da shi, ɗiyata."

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Har na rame. Amma ranar da aka ce in fara aiki, na ɗaura ɗankwalina na shiga aji.

Adnan ya auri Hamida.

Shekaru suka shuɗe, na zama shugabar sashen. Ran nan ya leƙo ofishina, har yanzu yana neman gurbi, yana ta murmushin da ya taɓa ruɗa ni.

"Shafa tawa..."

"Dakta Shafa'atu," na gyara mashi. "Malam, ka jira a waje. Akwai ɗalibai mata a gabanka."