Gafiya a Bututun Gidan Gilashi

Malam Tanimu tela ne a Sabuwar Zariya, matarsa Barira tana koyar da lissafi, 'yarsu Hindatu tana aji huɗu. Abin da suka rasa shi ne gidan da ba ya ambaliya. Duk damina ruwan masai yakan dawo musu tsakar gidan haya, har Hindatu ta yi jinyar taifot.

Dillali ya kai su wani gidan gilashi mai magana. Suna shiga bango ya yi musu sallama, ya ce, "Wuta lafiya, ruwa lafiya, magudana lafiya."

"Kun ji daga bakinsa," in ji dillali.

Barira ta ce, "Mai tallan fura bai taɓa cewa ta yi tsami ba. A kira Gafiya."

Gafiya na'ura ce mai tsawon tafin hannu, da fitila a goshi da ƙafafu shida. Takan bi bututun masai daga bayan gida har inda ya haɗu da babbar magudanar gari, tana aiko hoto a allo. Da Injiniya Saude, mai ita, ta iso, ta ɗaura mata igiya, ta sake ta cikin bututun, ta miƙa wa Hindatu allon.

Bututun fes yake har gindin katanga. Dillali ya fara gyara hula. Daga nan hoton ya juya, ƙafafu suka yi sama, aka ji tsulum.

"Ina ta shiga, Anti?" in ji Hindatu.

Saude ta ƙara hasken fitilar. "Tsohuwar salga ce, 'yata. Magina sun ɗora sabon gida a kan na da, suka cusa bututu a ramin kakanni. Bai taɓa kaiwa magudana ba. Ga shi ta kusa cika."

"To me ya sa bangon ya ce lafiya?" in ji Tanimu.

"Ma'auninsa a katanga ya tsaya. Iyakar nan aka nuna masa."

Tanimu ya zauna a bakin baranda, ya sauke numfashi. Gobe ne da zai sa hannu a takardar gidan. "Alhamdu lillahi. Barira, na janye mitar da na yi miki kan kuɗin kiran Gafiya."

"Ajiye ta, akwai gida na gaba."

Suna fita bangon ya sake cewa magudana lafiya. Saude tana jan igiyar Gafiya, ta toshe hanci.

Hindatu ta gane cewa gidan bai yi ƙarya ba, bai dai san abin da ke ƙarƙashinsa ba ne.