Jirgin da Ya Nutsar da Mushe

Ranar da Haris ya fara ganin Raishatu, ana cinye shi ne a wasa. Bai daɗe da zuwa Tanut daga Ollelewa ba, aikin rigakafin dabbobi ya kawo shi. Samarin unguwar sun kamu da wani wasan jiragen yaƙi na ruwa, su da ba su taɓa ganin teku ba. Kowa na da jiragensa a kan allo, amma jirgin ƙarƙashin ruwa, wanda suke kira sumaran, ana ɓoye shi cikin murfin kwalba a tsakanin murafan da babu komai.

Raishatu ta zo karɓar wayarta a shagon cajin da suke wasa a gabansa, ta leƙa allon, ta ce, "Kana saurin fito da shi."

Ya ɗaga kai, ya manta da allon gaba ɗaya. Kafin sati ya samo lambarta.

"Malamata, ki taimaki ɗalibinki. Yau ma an nutsar da ni," ya rubuta.

"Haƙuri gare ka kaɗan ne, ɗan Ollelewa. Bar babban jirgin ya wuce ta kanka, ka ƙyale shi har ya saki jiki, sannan ka buge shi ta baya."

"Haka kika yi mini, Raisha."

"Allah ya shirye ka."

Wata ranar kasuwa ya tarar da wani dattijo a inuwa, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, da kowa ke kira Mushe kamar yadda ake kiran malami da Faransanci, yana cinye mutane ɗaya bayan ɗaya. Haris ya zauna. Ya bi maganar Raishatu tiryan-tiryan, babban jirgin dattijon ya nutse. Da ya tsaya nan da an rabu lafiya. Amma daɗi ya kwashe shi, ya miƙe yana tafi yana cewa, "Tsoho, a koma gida a sha fura, teku ta fi ƙarfinka!"

Dattijon ya dube shi ya ce, "Mutum ɗaya ke yi mini wannan bugun, kuma a gidana take. Wa ya koya maka?"

Da yamma saƙo ya shigo: "Haris, Babana ka yi wa ihu a kasuwa."

Ya karanta, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Mutumin da ya kamata ya durƙusa wa tun daga nesa, wanda ko ruwa bai isa ya sha a gabansa ba, shi ya kira tsoho a bainar jama'a. Ya daina bin hanyar kasuwa. Ko fadar samari ya ƙaurace mata.

Mushe Almustafa kuwa ya ce ba zai ba mara kunya ƴarsa ba. Ga Jibo ɗan maƙwabcinsa, yaro mai ladabi da shi ma ke neman ta, kullum yana zuwa wasa, kullum kuma Mushe ke cinye shi.

Raishatu ta yi kuka har ta gaji, sannan ta samu mahaifinta. "Baba, ni na koya masa, laifin rabi nawa ne. Amma Jibo da gangan yake faɗuwa, kai ma ka sani."

Gaskiya ce, Mushe ya sani, kuma abin ya daɗe yana cin ransa.

"Baba ya ce ka zo zaure bayan la'asar. Kar ka gudu, masoyi," ta rubuta wa Haris.

Ya je, ya tuɓe takalmi tun daga ƙofar gida, ya durƙusa. "Baba, na zo neman gafara. Ban da bakin magana."

"Ranar kasuwa kana da shi," in ji Mushe. Ya jawo allon. "Zauna. In ka bar mini wasan nan da gangan, zan gane, kuma kar ka ƙara taka gidana."

Haris bai taɓa shiga tsaka mai wuya irin wannan ba. In ya faɗi ya rasa Raishatu, in ya ci ya sake kunyata mahaifinta. Ya yi wasan, kansa a sunkuye, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Babban jirgin Mushe ya zo ya wuce ta kan murfin. Haris ya kai hannu kan murfin, ya dakata.

"Ina jiran ka," in ji Mushe.

Haris ya ɗaga murfin a hankali. "Baba, a yi haƙuri. Ya nutse."

Mushe ya daɗe yana kallon allon, sannan ya yi murmushi. "Ashe ka iya cin mutum ba tare da ka ci mutuncinsa ba. Turo magabatanka."

Bayan girbin gero aka ɗaura aure. Dangi suka zo daga Ollelewa da Belbeji, aka yi addu'a Allah ya ba da zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Ango ya ɓuya a bayan abokansa kamar yadda aka saba, don daga ranar ba zai ƙara zama tabarma ɗaya da surukinsa ba, balle wasa.

Da za a kai amarya, Mushe ya dafa kanta ya sa mata albarka. Sai ya ce a hankali, "Ku biyu kaɗai ke cinye ni a garin nan, ga shi na haɗa ku na sallama. Allah ya yi muku albarka. Ni kuma an bar ni da Jibo."