Makullin Gida Mai Lamba Tara

"Baba, ka bar makullin nan!"

Rena ta riƙe wuyan hannun mahaifinta da hannu biyu. Tsoho Indri bai ko dube ta ba. Yatsunsa na kan makullin da ke jikin ƙofarsu ta waje, inda yake tun kafin a haife ta.

"Cika ni, yarinya."

"Kwana uku ya rage, Baba... Kwana uku tak!"

"Mutum huɗu na tarar a ɗakin uwarki. Ɗaya zaune kan gadon da ta rasu a kai. Da wandon wanka! Yana ɗaukar hoto, yana yi mini murmushi!"

Karo na biyar ke nan a wata ɗaya.

A ƙauyensu na Gharb, a tsibirin Gozo na ƙasar Malta, ba a zare makulli daga ƙofa. Wanda ya tafi teku ko ƙasar nesa, ranar da ya dawo ya murɗa ya shiga, ba sai ya ƙwanƙwasa kamar baƙo ba. Gida goma sha huɗu ne a layinsu, da can kowanne da makullinsa. Yanzu sha uku sun zama masaukin 'yan yawon buɗe ido. An kafa wa kowanne ɗan akwatin ƙarfe mai lambobi a bango, inda ake ajiye wa baƙi makulli. Safe da yamma ba a jin komai sai kukan tayoyin akwatuna a kan dutse.

Gida mai lamba tara ne kaɗai ya rage.

"Don wannan ɗan iskan kike zubar da hawaye?" in ji Indri. "Wanda ya sayar da kwalekwalen ubansa ga masu yawo da baƙi?"

"Sunansa Wistin, Baba."

"Na san sunansa. Ni na riƙe shi a coci ranar baftisma."

Shekara biyu ke nan da Wistin ya tsaya a bakin ƙofar nan yana neman aurenta, Indri ya kore shi a gaban mutane. Washegari ya kama aiki a jirgin ruwa na dakon kaya. A tashar Mgarr ya riƙe fuskarta ya ce, "Ba zan roƙi ubanki sau biyu ba, Rena. Ranar bikin Santa Marija, bayan shekara biyu, zan dawo. In na ga makulli, in murɗa. In babu, in juya." Mutum ɗaya ne ya ji wannan magana, abokinsa Leli, da ya riƙe masa jaka.

Farar mota ta tsaya a bayansu. Shi ne kuwa, Leli, mai kula da gidajen nan goma sha uku, da tabarau a goshi.

"Kawu Indri, ina wuni? Na ji an sake shigo muku. Kai, baƙin nan ba su da kunya!" Ya girgiza kai. "Ka zare abin nan ka huta. Zamani ya wuce shi. Ko ba haka ba, tauraruwa?"

"Tauraruwarka tana sama, Leli. Ɗaga kai."

Ya yi dariya, amma idonsa bai yi ba.

"Bakin nan naki... Wata rana a gidana za ki riƙa yi mini shi. Kawu, maganata tana nan. Gidan ya yi muku girma. Ni in gyara shi, ku koma sabon bene mai kallon teku."

"A nan aka haife ni," in ji Indri. "A nan za a ɗauke ni."

Ya dubi 'yarsa, ya saki makullin.

"Kwana uku. Amma in ƙafar baƙo ɗaya ta sake taka mini ɗaki, na zare. Kada ki ce ban faɗa miki ba."

Leli ya sauke tabaraunsa kan ido, ya ja motarsa a hankali.

Ana gobe biki wayarta ta yi ƙara tana jera cuku a rana. Wata huɗu rabonta da muryarsa.

"Wistin! Hasken idona, kana ina?"

"Na sauka Malta."

"Me ya sami muryarka?"

"Ina jin maganganu, Rena."

"Wane irin maganganu?"

"An ce motar Leli ba ta barin ƙofarku. An ce ubanki ya amince, gida da 'ya, duka."

"Wa ya ce?"

"Wanda ba zai yi mini ƙarya ba. Ya ce shi ma kunya yake ji, ke kika nuna kina so."

"Leli? Leli ne ya faɗa maka haka, ka yarda? Wistin, na rantse da kabarin uwata..."

"Kada ki rantse, zuciyata. Ba na son rantsuwa a waya. Gobe zan zo in dubi ƙofa."

"To zan tare ka a tasha. Ai can nake aiki."

"Ƙofar nake so in gani."

Ya kashe. Ta san halinsa. Shi da ubanta kamar a tukunya ɗaya aka dafa kawunansu.

Ranar biki ta fita da sassafe. Kafin ta tafi ta goge makullin da gefen rigarta har ya yi ƙyalli. Aikinta ƙirga masu saukowa daga jirgin fito mai zuwa daga babban tsibirin Malta, da 'yar na'ura a tafin hannu, kowane kai ta danna sau ɗaya. Ta roƙi hutu, aka ce ba yau ba. Yau ce ranar da tsibirin ke nitsewa da mutane.

Jirgi ya buɗe baki, suka kwararo. Jajayen kafaɗu, manyan huluna, yara a wuya, akwatuna. Bana sun fi bara, bara ta fi bara waccan. A da bazara kaɗai suke zuwa, yanzu har cikin hunturu. Babban yatsanta na dannawa, idonta na neman mutum ɗaya.

Dubu uku.

Dubu biyar.

Rana ta take. Daga kan tudu ana ta harba bindigogin biki. Wani dogo mai jaka a kafaɗa ya gifta can ƙarshen taron. Ta ɗaga murya, "Wistin!" Wata babbar mota ta shiga tsakani. Da ta wuce, babu kowa sai huluna.

Dubu takwas.

Ƙarfe uku ta miƙa wa abokiyar aikinta na'urar.

"Ina za ki? Za a kore ki fa!"

"A kora."

Ba mota, duk sun cika. Ta samu mai kai burodi ya rage mata hanya, sauran ta ƙarasa da gudu. Tun daga bakin layin ta hango ƙofarsu mai shuɗin fenti.

Babu abin da ke ƙyalli.

Ramin makullin kawai, baƙi, yana kallonta.

"Baba! Baba, buɗe!"

Karon farko a rayuwarta da ta buga ƙofar gidansu. Indri ya buɗe, makullin na rataye a wuyansa da igiya.

"Mutum goma sha ɗaya," ya ce. "Ina cin abinci. Ɗaya ya ɗauki hoton uwarki daga bango yana juya shi."

"Ya zo?"

Indri ya kau da kai.

"Baba, ya zo?"

"Wani ya zo. Jaka ɗaya a kafaɗa, ba mai taya ba. Ya tsaya can tsallake, ya dubi ƙofa. Ya daɗe. Ya juya."

"Ka gan shi?"

"Ta taga."

"Ba ka kira shi ba?"

"Ni Indri in leƙa taga in kira wanda na kora?"

Ta zauna a dokin ƙofa. Ta kira lambarsa, a kashe.

Sai ga wasu baƙi biyu, tsohuwa da mijinta, da takarda a hannu. Matar ta dubi lambar gidan, ta dubi takardar, ta tambaya da Turanci cikin ladabi ko an rufe ne yau.

"An rufe me?" in ji Rena.

Matar ta miƙa mata takardar. Irin wadda ake ajiye wa baƙi a kan tebur ce. A sama ga sunan Leli da lambar wayarsa. Rena ta karanta.

"Me aka rubuta?" in ji Indri. Shi bai iya Turanci ba.

Ta juya masa da harshensu, kalma bayan kalma.

"Gida mai lamba tara, shuɗiyar ƙofa. Gidan gargajiya na ƙarshe a ƙauyen. Makulli na jiki, ku murɗa ku shiga, ba a biyan komai. Tsohon yana da fara'a, yana son baƙi. Ranar biki da hantsi ya fi kyau."

Indri bai motsa ba. Jijiyar wuyansa ce kawai ke harbawa.

"Fara'a," ya ce.

"A kowane gida akwai irinta, Baba. Gida goma sha uku. Shi yake turo su! Ya san alkawarinmu, shi ya riƙe wa Wistin jaka!"

Tsohon ya dubi layin daga farko har ƙarshe, akwatunan ƙarfe a jere kamar idanu. Ya cire igiyar daga wuyansa ya sa mata a hannu.

"Tashi."

"Ya riga ya tafi..."

"Yau? Da wannan taron? Ko babban limamin coci sai ya bi layi. Tashi, na ce!"

Gaskiyarsa. Layin masu komawa Malta ya fito daga tasha ya hau titi har kwanar tudu. Jirgi biyu sun tashi sun bar mutane. Ta bi layin tana leƙa fuska ɗaya bayan ɗaya, ana hararta, ana cewa ta koma baya. Jirgi na uku ya buɗe baki, layin ya fara tafiya.

Can gaba, saura mutum ashirin ya shiga, ta hango jakar.

"Wistin!"

Ya waiwayo. Ya rame, ya yi baƙi, idanunsa jajur.

"Me kika zo yi? Na ga abin da na zo gani."

"Ba ka ga komai ba! Karanta!"

Ta manna masa takardar a ƙirji. Ya karanta sau ɗaya. Ya sake karantawa. Na bayansa suna ture shi, bai ji ba.

"Leli..."

"Amininka! Wanda ba zai yi maka ƙarya ba! Kwana ɗari bakwai da talatin makullin nan yana jiki. Kullum ina goge shi. Awa uku kawai aka zare, sai ka zo a cikinsu, ka juya kamar ɗan aike?"

Ta buɗe tafin hannunta. Igiyar ta yi mata shaida a fata.

Ya dubi makullin.

"A hannunki yake, Rena. Ba a ƙofa ba. Ubanki ne ya zare."

"Shi ya ba ni."

"Da hannunsa?"

"Daga wuyansa ya cire."

Mai tsaron jirgi ya daka tsawa, "Kai mai jaka! Shiga ko ka kauce!"

Rena ba ta roƙe shi ba. Ta tsaya da hannunta a buɗe, hawaye na sauka.

Ya kauce.

Rana ta yi sanyi suka isa layin. Indri na zaune kan kujera a ƙofar gida, da hularsa ta zuwa coci. Suka tsaya a gabansa. Mazan biyu suka dubi juna, ba su gaisa ba.

"Ka rame," in ji Indri.

"Kai ma ka tsufa, Kawu."

"Kwalekwalen ubanka fa?"

"Zan dawo da shi. Abin da ya kai ni teku ke nan."

Indri ya miƙa wa 'yarsa hannu, ta ba shi makullin. Ya tashi, ya zura shi a ƙofa, ya ja Rena ciki, ya rufe. Ya bar Wistin a waje.

A cikin zaure ta kasa kunne. Ba motsi.

Sai makullin ya murɗa.

Bayan wata biyu aka ɗaura aurensu a cocin ƙauyen. Dangi ba su cika layin kujeru huɗu ba, yawanci sun sayar sun tashi. Baƙi kuwa sun cika dandali suna ɗaukar hoton amarya. Leli bai zo ba. Amma da suka dawo gida, farar motarsa na tsaye a bakin layi. Ya sauke gilashi.

"Allah ya ba da zaman lafiya, tauraruwa. Kawu shekararsa tamanin. Ni ban kai arba'in ba, ba na gaggawa."

Wistin ya yunƙura, Rena ta riƙe shi. Ta cire mayafin amarcinta, ta goge makullin da gefensa har ya yi ƙyalli, tana kallon Leli ido cikin ido.

"To ka yi ta jira. Mu ma mun iya."

Suka shiga, suka bar makullin a jiki.

Daga can ƙasan tudu, tayoyin wasu akwatuna sun fara hawowa.