Mai Riƙon Hula

Guguwa ta ja baya kaɗan, sannan ta saki jiki. Dogon ƙarfen da ke gabanta ya yi laushi kamar kakin zuma, ya murɗe ya nufi sama, ya sake daskarewa kafin ƙafafun jirgin su iso. Jama'ar da ta cika Dausayin Ƙarfe, babban filin shaƙatawa na Sabuwar Kano, duk ta ɗaga kai. Barau ne kaɗai ya sunkuyar da nasa.

Guguwa ba irin sauran jiragen shillo ba ce, waɗanda ke bin hanya ɗaya kullum. Mutum ɗaya take ɗauka. Za a ɗaura masa munduwa mai karanta bugun zuciya, ita kuma na'urar ta riƙa gina hanya nan take gwargwadon tsoron da ta ji. Wanda hanjinsa ya kaɗa sosai sai ta kai shi kusa da gajimare. A ƙofar shiga akwai allon lantarki da ke nuna sunan wanda hawansa ya fi na kowa.

Barau kuwa shi ake kira Sarkin Mahaya. Babu jirgin shillon da bai hau ba, daga nan har ƙasashen ƙetare. Idan ya zauna a majalisar mahaya da ke gindin tsamiyar roba ya ce jirgi kaza lalatacce ne, to magana ta ƙare. Amma da ya hau Guguwa, sai ta zagaya da shi a hankali kamar mai lallaɓa jariri, ta sauke shi. Zuciyarsa ta riga ta yi kanta, na'urar ba ta sami abin ginawa ba.

Wanda ke sama yanzu yana kururuwa Tanimu ne, mai gyaran fitilu, mutumin da ko tsani ya hau sai ya yi addu'a. A layin wani jirgi suka haɗu tun suna samari, ranar da Barau ya miƙa masa hularsa ya ce ya riƙe kada iska ta ɗauke. Daga nan abin ya zama al'ada. Duk inda Barau zai hau, Tanimu na ƙasa riƙe da hula. Yau ma Barau ne ya tura shi da tsiya, don a sami abin dariya.

Da jirgin ya tsaya, sunan Tanimu ya haska a saman allo. 'Yan majalisa suka ɗauke shi cak, suka dire shi a kujerar Barau.

"Yaya ka ji wajen murɗawar nan ta biyu, Malam Tanimu?"

"Ni dai kalmar shahada nake ta yi," in ji Tanimu yana share gumi. Ya hango abokinsa. "Sarki, ka ga abin da ka ja mini ko?"

Barau ya yi murmushin yaƙe. Hassada ce ta kama shi, ba wani abu ba, kuma ya san da haka. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne mutumin bai ma san darajar abin da ya samu ba. Kwanaki suka wuce, kowa Tanimu yake tambaya ra'ayi, shi kuma yana ta faɗin shirme ana gyaɗa kai. Abinci ma ya daina yi wa Barau daɗi.

A unguwar masu na'urori akwai wata Dakta Asabe da ke wankin ƙwaƙwalwa. Yawanci waɗanda suka yi haɗari ne ke zuwa a cire musu abin da ke hana su sukuni. Barau ya zauna gabanta ya ce a goge masa duk hawan da ya taɓa yi, zuciyarsa ta dawo sabuwa.

"Alhaji, na'urar nan ba ta tsince-tsince," in ji ta. "Idan ta ɗauki tunani, da duk abin da ke manne da shi take tafiya. Wurare, hirarraki, har mutane. Ka yi shawara da wani?"

"Ƙarfe ne da iska kawai, Dakta. Me ke manne da su?"

Ta sake maimaita masa. Ya ce ya ji, ya sa babban yatsa a gilashin amincewa. Roƙo ɗaya ya yi, a bar masa ƙudurin hawa Guguwa.

Washegari da hantsi ya isa Dausayin Ƙarfe yana kalle-kalle kamar baƙauye. Mutane na gaishe shi da Sarki, yana amsawa don kada ya yi rashin kunya. A bakin matakala hannunsa ya cire hula da kansa ya miƙa gefe, wani ya karɓa. Bai ko waiga ba.

Abin da Guguwa ta yi a ranar ba a taɓa ganin irinsa ba. Ta haura har ta zama ɗigo, ta juya shi kai ƙasa a saman rufin gidaje, ta faɗo kamar za ta shige ƙasa. Barau ya yi ihu har muryarsa ta dishe. Da ya sauko, sunansa na saman allo, na wani Tanimu a ƙarƙashinsa.

'Yan majalisa suka kewaye shi. "Sarki, tsakanin wannan da wanda ka hau a ƙetare, wanne ya fi?"

Bai tuna ya taɓa hawa komai a ƙetare ba. Ya dai san akwai wanda ya so ya nuna wa wannan ranar, wanda ya so ya kalla ido cikin ido. Ya laluba ransa, ya rasa ko waye.

Wani mutum siriri mai furfura ya kutso cikin taron, fuskarsa cike da murna.

"Wallahi na ji daɗi, Sarki. Dama kujerar nan ta yi mini girma, ni ban san abin da nake faɗa ba. Ungo."

Ya miƙo hular da hannu biyu, ya riga ya kaɗe mata ƙura, ya gyara karinta daidai yadda Barau yake so. Barau ya karɓa, ya dube shi sama da ƙasa.

"Na gode, bawan Allah," ya ce. "A nan kake aiki?"

Tanimu ya yi dariya, yana jiran a ce wasa ne. Barau bai yi ba. A samansu Guguwa ta sake ja baya, ta fara gina wa wani hanya.