Ranar Talata Babu Mai Shiga Teku

Ranar da Araba ta fara ganin Ekow, tana saukowa ne daga Kasul, farin ginin nan na bakin teku inda Turawa suka riƙa tsare bayi, da baƙi tara a bayanta. Aikinta ke nan a Elmina: ta zagaya da 'yan yawon buɗe ido ɗakunan duhu, ta ba su tarihi, ta jira masu kuka su gama. Ranar sai baƙin suka ce suna son ganin ginin daga kan ruwa, ta kai su ƙarƙashin gada, inda kogin Benya yake haɗuwa da teku.

A can ta tarar da wani dogon saurayi yana jera rigunan ceto a cikin ƙaramin kwalekwalensa.

"Kowa ya sa riga," ya ce. "Har ke, malamar tarihi."

"Ni 'yar Egya Bentsil ce, sarkin masunta. Na iya iyo tun kafin in iya tafiya."

"To in teku ta tambaya, ki gaya mata sunan babanki. A jirgina dai sai da riga."

Ta harare shi, amma ta sa. Tun daga ranar duk baƙon da ya biyo ta hannunta sai ta kai shi ƙarƙashin gada, ko bai tambaya ba.

Wata uku ba ta cika ba wayarta ta daina hutawa.

"Odo, masoyiyata, yau baƙinki ba sa son iska? Na wanke jirgi tun safe, ba ki zo kin raina min shi ba."

"Kyaftin ɗin baho, ka ci abinci tukuna. Na bar maka kenke da kifi wajen mai rake. Kada ka cika barkono, ka san cikinka."

Mahaifiyarta, Maame Esi, ta san da maganar, sai ta fara ƙara ƙulli ɗaya in tana dafa kenke, tuwon masararsu da ake ƙullewa a ganye. Uban ne ya ƙi.

"Wane Ekow? Mai ɗaukar Turawa su yi hoto?" in ji Egya Bentsil. "Wannan ba masunci ba ne. Hannunsa ko kanta babu. Ga Kwamena, shekara shida yana jan babban jirgina, bai taɓa dawo min da shi da tsaga ba. Shi zai ƙwanƙwasa ƙofar nan neman aurenki."

"Papa, ba na son Kwamena."

"Ban tambaye ki ba. Ban kuma tilasta ki ba. Amma wancan, ba da bakina ba."

Ana cikin haka lokacin rufe kogi ya zo. Mako shida kafin Bakatue, bikin buɗe kogi, babu mai jefa raga a Benya, babu kiɗa, garin yakan yi tsit kamar gidan da ake jinya. A bana kuma sama ta ƙi washewa. Teku ta yi launin toka, tana dukan gindin Kasul da ƙarfin da tsofaffi suka ce sun daɗe ba su ji irinsa ba.

Ranar Asabar wani hoto ya shiga wayoyin gari. Ekow ne a tsakiyar Benya, yana riƙe da hannun wata baƙuwa, raga a buɗe cikin iska tana shirin faɗawa ruwa.

Kwamena da kansa ya kai wa Egya Bentsil hoton, yana magana da ƙarfi don Araba ta ji daga kicin.

"Egya, ga surukinku. Ya sayar da kogi saboda dala."

Dattawan masunta suka sa ranar Laraba za a zauna. Kowa ya san hukuncin tun kafin zaman: za a kori Ekow daga bakin ruwan Elmina, shi da jirginsa. Wanda aka kora kuwa babu gidan da zai ba shi 'ya.

Araba ta tura masa layi ɗaya: "Da gaske ne?"

"Da gaske ne, Odo. Ni na ba ta ragar."

Ta kife wayar. Yini guda ba ta buɗe ba, ko a coci hawaye take ta sharewa da bakin gyale. Da ta buɗe ta tarar da dogon saƙo.

"Kin tuna tsohuwar nan ta Amurka mai sanda, wadda kika ce ta zauna a ƙasa a ƙofar da ake fitar da bayi ta ƙi tashi? Ita ce. Ta ce kakarta ta gaya mata mutanensu masunta ne kafin a kama su. Ta roƙe ni sau ɗaya tak ta jefa raga a ruwan gida kafin ta mutu. Tsohuwar ragar nan ce mai huji da nake ratayewa don ado, ko kaguwa ba ta kamawa. Na san an rufe kogi. Na kalli fuskarta na kasa cewa a'a. Ban karɓi komai ba. Laifi dai na yi, ba zan musa ba."

Araba ta tuna matar sarai, don ita ta ɗaga ta daga ƙasa. Ta rubuta: "Kai wawa ne mai zuciya, Kyaftin. Ina nan. Ranar Laraba zan tsaya a bayanka ko Papa ya kore ni tare da kai."

Sai dai Laraba ba ta zo da sauƙi ba. Da asubahin Litinin babban jirgin Egya Bentsil ya fita da mutum bakwai, Kwamena ne a kan inji, tare da Ato, yayan Araba, wanda matarsa ke da cikin wata takwas. Ya kamata su dawo kafin la'asar. Jirage suka yi ta shigowa ɗaya bayan ɗaya, mata suna kwashe kifi a manyan kwanuka, har bakin ruwa ya watse. Nasu bai shigo ba. Wayoyinsu duka a kashe.

Gari ya waye Talata.

Duk uwar da ta haifi ɗa a gaɓar nan ta san abin da wannan yake nufi. Ranar Talata teku take hutawa, babu masuncin da yake fita, daga nan har garuruwan gabas da na yamma. Jirgin da injinsa ya mutu ranar Alhamis, wani zai ci karo da shi kafin azahar. Wanda nasa ya mutu daren Talata kuwa, babu idon da zai gan shi sai na Allah. Ruwan shan da suke ɗauka na yini ɗaya ne.

Mutane suka taru a kan yashi, suna magana ƙasa-ƙasa.

"Kogi ne ya yi fushi."

"Raga ɗaya aka jefa, ga shi zai ɗauki bakwai."

Wasu samari suka je wajen Egya Bentsil suka ce in ya ba da izini za su fita. Amma iyayensu mata suna riƙe da rigunansu ta baya. Tsohon yana zaune a kan kifaffen kwalekwale, idonsa ja.

"An karya doka ɗaya, kun ga abin da ya biyo baya," ya ce. "In na karya ta biyu da bakina, na tura 'ya'yan mutane, wa zai dawo da su? Ɗana ne a can. Amma ba zan iya ba."

Matar Ato ta durƙushe a kan yashi tana riƙe da cikinta.

A lokacin ne aka ji ƙarar ƙaramin inji daga ƙarƙashin gada. Ekow ya matso da jirginsa gaɓa, ya sauko. Mutane suka dare masa kamar mai cuta. Wata ta tofar da yawu. Ya zo gaban tsohon ya cire takalmansa, ya ajiye tsohuwar ragar a kan yashi.

"Egya, ku da kanku kuka ce ni ba masunci ba ne. Gaskiya kuka faɗa. Dokar Talata ta masunta ce. Ga ragar, babu ko ƙugiya a jirgina. Ni mai ɗaukar mutane ne, zan je in ɗauko mutane."

"Da wannan bahon?" wani ya ce. "Igiyar ruwa ɗaya za ta kife shi."

"In kuma ruwa mutum yake nema," in ji Ekow, "ai ni na taɓa shi, ba Ato ba."

Egya Bentsil ya tashi ya juya masa baya, yana fuskantar bangon Kasul, ya yi magana kamar da bangon yake.

"Ni ban ga kowa ba. Amma a watan nan ruwa gabas yake ja, da ƙarfi. Mai hankali ba zai tsaya neman su inda suka saba ba. Zai wuce Cape Coast, ya wuce Moree, ya nausa ciki har sai tsaunuka sun koma kamar yatsa. Kuma ba zai ba igiya gefensa ba."

Araba ba ta tsaya kuka ba. Ta ruga gida ta dawo da jarkar ruwa biyu a ka, Maame Esi na biye da ita da kwandon kenke da sukari da gishiri a ƙulle. Suka loda. Araba ta sa ƙafa za ta shiga, uwar ta riƙe ta da hannu biyu.

"Ɗaya na can. Ba zan ba da biyu ba."

Araba ta ɗaure wa Ekow rigar ceto da kanta, ta ja igiyar har sai da ya yi ƙara.

"Odo, za ki karya min haƙarƙari."

"Ka dawo in gyara maka. Ka ji ni? Ka dawo."

Suka ga jirgin ya hau igiya ta farko, ya ɓace, ya sake ɓullowa, ya ƙara ɓacewa. Bayan awa ɗaya saƙo ya shigo: "Na wuce Moree. Ruwa na da nauyi amma ina nan." Daga shi babu wani.

Azahar ta yi. Yayyafi ya sauko ya ɗauke. Baƙi biyu suka sauko daga Kasul za su ɗauki hoton taron, da suka ga fuskokin mutane sai suka mayar da wayoyinsu aljihu. Maame Esi ta tilasta wa matar Ato ta sha koko, don mai ciki ba ta zama da yunwa ko duniya na tashi. Araba tana tsaye ruwa na dukan ƙafafunta, tana rubuta saƙon da ba ya tafiya: "Kyaftin, amsa min ko da harafi ɗaya ne."

Rana ta kusa faɗuwa wata tsohuwa mai gasa kifi ta miƙe ta nuna gabas.

"Jirgi! Amma ɗaya nake gani."

Babba ne. Na Egya Bentsil ne, da tutocinsa. Guɗa ta tashi, matar Ato tana ihu. Araba kaɗai ba ta motsa ba, tana neman ƙaramin jirgi, ba ta gan shi ba. Ta ƙara kutsawa cikin ruwa tana hange.

Sai da babban ya juya zai shiga bakin kogi aka ga ƙaramin a bayansa, ɗaure da igiya, babu inji. Injin nasa ne a jikin babban, sun cire sun ɗaura don shi kaɗai ke da rai. Mutum takwas ne a ciki, kowa sanye da rigar ceto, har Kwamena, wanda ya fi kowa yi wa rigunan dariya. Ekow ne riƙe da inji.

Da suka sauka leɓunansu duk sun tsage. Kwamena ya tsaya gaban Egya Bentsil, kansa a ƙasa.

"Egya, injin tun makon jiya yake tari, na ɓoye muku. Ba kogi ba ne. Ni ne."

Ranar Laraba aka zauna kamar yadda aka sa. Ba a yafe ragar ba: aka ce Ekow ya kawo tunkiya da kwalaben giya a wanke kogi, ya kuma roƙi gafara a gaban kowa. Ya yi, Araba na tsaye a bayansa. Maganar kora kuwa babu wanda ya ɗaga ta. Da aka tashi, Egya Bentsil ya kira shi gefe, ya kama hannunsa ya juya, ya ga tafin duk ya saɓule.

"Ka gaya wa kawunanka ƙofata tana nan. Su bari a buɗe kogi, sannan su zo su ƙwanƙwasa."

An ɗaura auren wata biyu bayan biki, a cocin kan tudu, matar Ato na goye da jaririyarta a layin gaba. Da aka fito, tsohon ya ɗora hannu ɗaya a kan 'yarsa, ɗaya a kan Ekow, ya yi musu addu'a.

"Allah ya ba ku 'ya'ya masu jin magana fiye da ku biyun nan. Ya sa duk wanda ya fita daga gidanku da safe ya dawo da ƙafarsa da yamma."

Duk matan da ke wurin suka amsa da ƙarfi: "Amin."