Kwandon Hawa na Biyar

Da hantsin Talata wata mata ta shigo ofishin 'yan sandan unguwarmu, ta dire jakarta a teburin Sufeto Midhat.

"Yallaɓai, an sace mini firji da fanka biyu, kuma jibi 'yan hayata za su iso. In suka tarar babu, sun tafi ke nan."

Madam Fikriya ke nan, malamar makaranta mai ritaya daga garin Damanhur. Bara ta sayar da awarwaronta na zinare ta sayi ɗan gida mai ɗaki biyu a nan Iskandariya, don ta riƙa ba masu zuwa shan iskar teku haya lokacin zafi. Jarinta na farko ke nan a duniya, kuma ba ta yi wauta ba. Ta zaɓi mai kallon teku, ta sa mitar wuta da sunanta, ta kulle shi tun Nuwamba.

Mijinta Ustaz Lutfi, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, yana bayanta yana girgiza kai.

"Na faɗa mata, Yallaɓai, harkar gidaje ba ta malaman makaranta ba ce. A ba mutanen nan haƙuri kawai, kowa ya huta."

"Yi mana shiru, Baban Tarik. Da na bi taka, da har yau zinaren na barci a akwati."

Suka tafi ginin da gidan yake, suka hau bene hawa biyar. Sufeto ya karɓi mukulli ya murɗa, ƙofa ta buɗe salin alin. Ya tura taga, ko ƙara ba ta yi ba. Mu da aka haifa a bakin teku mun san gidan da ya kwashe hunturu a kulle: gishiri ya ci kwaɗo, taga ta riƙa kuka, warin raɓa ya tarye ka tun daga ƙofa. Wannan kuwa iska sai kaɗawa take.

A baranda ya tarar da kwando ɗaure da igiya, irin wanda kowa ke zurawa ƙasa mai shago ya saka masa kaya. Igiyar har ta goge fentin ƙarfen.

"Naki ne, Madam?"

"Ni da ko kwana ɗaya ban taɓa yi a nan ba?"

Sufeto ya sauka shi kaɗai wurin Hanafi mai wake, wanda shagonsa ke daidai ƙasan barandar.

"Kwandon hawa na biyar? Ai babban abokin cinikina ne, ranka ya daɗe. Litinin da Alhamis, bayan isowar jirgin ƙasa na safe."

"Wa ke zuro shi?"

"Ni da hannuna ke cikin tukunya, ina zan ga fuska? 'Yar takarda nake gani: wake, gurasa biyu, lemon tsami, ban da gishiri. Har layi yake ja a ƙarƙashin gishirin."

Daga nan ya leƙa ɗakin mai gadi a ƙarƙashin matakala. Baba Shahat ya dafe gwiwa tun kafin a tambaye shi.

"Wallahi ban ga kowa ba. Rabona da hawa na biyar tun ƙafar nan tana tawa."

"To, ba ni ruwa in sha, Baba."

Tsoho ya shige bayan labule ya fito da kofi. Sufeto ya kurɓa, sanyi ya ratsa masa haƙori. Wani abu kuma yana ta gurnani a bayan labulen.

"Allah ya yi maka buɗi, Baba. Yaushe ka yi firji?"

"Ajiya ce, ranka ya daɗe. Mai shi ya ce kwana uku kacal."

Sufeto ya tasa shi gaba suka hau, gwiwar kuwa ta warke a hanya. Suka tarar da Ustaz Lutfi ya miƙe ƙafa a baranda, a kan kujerar da ta riga ta san jikinsa.

"Madam, akwai wanda likita ya hana gishiri a gidanku?"

"Ga shi nan zaune."

"Litinin da Alhamis ina yake zuwa?"

"Duba wani abokinsa marar lafi..."

Ba ta ƙarasa ba. Ta juya a hankali, irin juyin da ɗalibanta na dā ba su manta ba.

Ustaz Lutfi ya cire tabarau ya goge, ya sake gogewa.

"Ni ne, Maman Tarik. Mukulli na yanka. Farko na zo ne in ga asarar da kika tafka in yi dariya, sai na zauna a kujerar nan. Shekara talatin da biyar ina shaƙar hayaƙin tasha, ban san akwai wuri irin wannan ba. Da kika ce baƙi za su shiga, sai na ji kamar za a kore ni daga aljanna, shi ya sa na ɓoye kayan don su fasa."

"To me ya hana ka faɗa mini?"

"In ce kin fi ni gaskiya? Da wane baki?"

Madam Fikriya ta so ta ɗaure fuska, abin ya faskara. Daɗi ne ya cika ta, kowa ya gani.

Sufeto ya rufe littafinsa. "Albishirinki, Madam. Gidan da ya sa maƙiyinsa sata ba zai rasa ɗan haya ba. Za ki shigar da ƙara?"

"A'a, Yallaɓai, ni zan yanke hukunci. Lokacin zafi na baƙi ne. Hunturu nasa, amma haya zai biya kamar kowa, kuma ƙafarsa ƙafata."

Sufeto ya ce, "Firjin fa?"

"Wanda ya sauke shi ya san hanya."

Sufeto ya kama hannun Ustaz Lutfi ya nufi matakala da shi, Baba Shahat na biye yana sake dafe gwiwa. Suna hawa na uku suka ji muryarta daga baranda, tana zura kwando.

"Hanafi! Wake kwano huɗu. Ɗaya ban da gishiri."